Daren da ciki ya murɗe wa dokinka, me ka yi kafin likita ya iso?

Mai Gunya, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu dawaki. Abin da ya same ni daren Talatar da ta wuce ne ya sa na ɗauko wannan magana. Ina roƙon duk wanda ya taɓa kwana a tsaye a kan doki mai ciwon ciki ya faɗa mana abin da idonsa ya gani, ba wanda aka ba shi labari ba.

Gunyana shekararsa bakwai, uku daga ciki a turkena ya yi su, ban taɓa kiran likita dominsa ba sai don rigakafi. Da sallah ta matso aka ce mu shirya, za mu bi tawagar hakimi zuwa Zariya hawan Daushe. Na dube shi na ga kamar ya ɗan faɗa, sai na ce wa yaron barga ya ƙara masa gero. Da mudu ɗaya yake ci da safe, ɗaya da yamma. Rana guda muka ninka, har da dusa a kai. Kwana biyu lafiya lau. A na uku bayan isha'i yaro ya buga min ƙofa, ya ce doki ya ƙi abinci, yana ta tonon ƙasa da ƙafar gaba. Na fito na tarar yana waiwayen cikinsa, ya kwanta, ya miƙe, ya sake kwanciya, gumi ya jiƙa masa wuya sharkaf.

Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika gidan, kowa da maganinsa. Wannan ya ce a ɗura masa man gyaɗa, wancan ya ce jar kanwa, wani ya ce lemon kwalba, wani ma cewa ya yi a ɗaura sirdi a yi sukuwa da shi har iskar ta fita. Ban yi ko ɗaya ba. Na kwashe abincin gabansa, na kira likita, na kama ragama muka dinga zagaya tsakar gida a hankali. Likita bai iso ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Ya zura masa roba ta hanci har ciki, iska da ruwa mai tsami suka fito, ya yi masa allura a jijiyar wuya. Da asuba ya yi kashi, wallahi sai da na yi sujada. Amma awa biyu da rabin nan da na yi ina jira ban san ko daidai nake yi ba, shi ya sa nake tambaya.

Baba mai Akawal, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ka yi daidai da ka toshe kunnenka.

Ni tun ina yaro nake cikin dawaki. A babban hawan da aka yi nan Kaduna a 1977, lokacin Festak, ni ke riƙe wa mahaifina asalwayi. Don haka na ga ɗure iri-iri, ni ma na yi da hannuna, kuma da hannuna na rasa wani bidi da har yau ban sami kamarsa ba. Cikin hunturu ne. Ya kwana biyu kashinsa na fitowa ƙanana, busassu kamar tsakuwa, ban kula ba. Da ciwon ya tashi muka ɗaga kansa sama da igiya, muka ɗura masa kwalbar mai. Ya yi tari, muka ce ya shiga. Ashe rabinsa huhu ya tafi. Cikin ya saki, amma bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya gagara, hanci na zubar da abu mai wari. Haka ya tafi. Ciwon ciki bai kashe shi ba, maganinmu ne ya kashe shi.

Abin da na gane daga baya, sanyi ne ya hana shi shan ruwa. Ruwan da ya kwana a waje cikin Disamba da Janairu dawaki da yawa shinshinawa kawai suke yi su juya. Ga harawa busasshiya, ga iska mai busar da jiki, sai abinci ya cushe a hanji. Tun daga shekarar nan, in hunturu ya kama sai na sirka ruwan safe da ɗan na zafi, kuma ina yayyafa wa harawa ruwa kafin a zuba. Kanwa kuwa ina nan ina ba su, yadda iyayenmu suka yi, 'yar kaɗan, ga doki mai lafiya, yana sha da bakinsa. Ba a ɗura wa mara lafiya.

Mai Gunya, Unguwar Rimi

Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Saura ƙiris a ɗura wa nawa man nan, har an buɗe kwalbar.

Ɗan barga, Unguwar Sarki

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin dawakin folo, wato ƙwallon dawaki, yawanci a bargunan da ke kusa da Dandalin Murtala. Alhaji mai Gunya, ka yi haƙuri zan faɗa maka kai tsaye: geron nan ne. Mu ko lokacin gasar kofin Georgian, da dawaki ke aiki fiye da kullum, ba a ninka hatsi rana guda. Ana ƙarawa ne kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma a raba shi sau uku ko huɗu a yini. Tumbin doki ƙarami ne a kan girman jikinsa, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga, in ya kumbura ba shi da hanyar dawowa.

Nawa labarin a gidan wani maigida ne da na yi wa aiki kafin nan. Yana da kwalbar allurar kashe zafin ciwo a mota, da doki ya motsa sai ya soka masa. Ran nan wata goɗiya ta fara birgima da magariba, ya yi mata, ta lafa har ta ɗan tsinci ciyawa, kowa ya tafi ya kwanta. Ni dai hankalina bai kwanta ba don ba ta yi kashi ba. Ƙarfe uku na dare na leƙa na tarar da ita shiru, kai a sunkuye, kunnuwa sun yi sanyi. Allurar ta rufe ciwon ne kawai, abin yana can yana ci. Da gari ya waye likita ya zo, ya ce an makara. Tun daga nan ba na yarda a yi allura sai an yi waya da likita ya ce a yi, kuma a rubuta ƙarfe nawa aka yi ta.

Maman yara, Malali

Ni ba mahayiya ba ce, dokin na maigida ne, amma ranar da abin ya faru yana Abuja, ni da yara kaɗai ne a gida. Namu leda ce. Yaran unguwa kan jefo ledar awara da ta ruwa ta kan katanga, iska ma na kwaso wasu, shi kuma in ya ji ƙanshin mai sai ya haɗiye. Mun fi wata muna ganin yana ramewa, yau ya ci gobe ya ƙi, ciwon ya zo ya wuce. Ranar da ya tsananta na kira likita, ya yi kwana biyu yana zuwa yana ba shi ruwa ta robar hanci da ƙarin ruwa ta jijiya. A rana ta uku ya fitar da wani dunƙule, da na tona da sanda leda ce a nannaɗe da zaren buhu. Yanzu kafin yara su tafi makaranta sai sun tsince tsakar gida, buhun dusa kuma ba ya kwana kusa da turke. Masu sakin dawaki su yi kiwo a bakin bola, don Allah ku duba wannan.

Mai Danda, Rigachikun

Namu na farkon damina ne. Wata shida yana kan harawa da karan dawa, ruwan Mayu ya sauka, ciyawa ta tsiro, yaro ya kai shi fadama ya ɗaure tun safe har la'asar. Ya dawo ciki kamar ganga. Allah Ya taimaka da tafiya da allurar likita iskar ta fita kafin tsakar dare. Likitan ya nuna min wani abu da ban sani ba: ya ɗebi kashin da bai taɓa ƙasa ba, ya zuba a leda mai haske, ya cika ruwa, ya dama, ya rataye. Bayan 'yan mintoci yashi ya kwanta a ƙasan ledar. Gajeriyar ciyawa yake tumɓukewa da saiwarta, a gida kuma a ƙasa muke zuba masa abinci. Na yanka durom biyu na yi masa kwami.

Mai Kili, Rigasa

Ni ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Duk abin da kuka lissafa na kiyaye. Ban sauya abinci ba, ruwa na gabansa dare da rana, na kira likita cikin minti ashirin, ban ɗura komai ba. Duk da haka kafin azahar kilina ya mutu. Da aka buɗe shi hanji ne ya murɗe, wani sashe har ya yi baƙi. Kada wanda ya rasa doki ya karanta wannan ya ɗauka lallai sakacinsa ne. Abin da ke damuna har yanzu shi ne na bar shi ya yi birgima sau biyu kafin in tashe shi, mutane kuma suna ta ce min birgimar ce ta murɗa hanjin.

Likitar dabbobi, Kawo

Mai Kili, Allah Ya mayar maka da alheri. Ka cire wannan daga ranka. Galibi murɗewar ce ke sa doki birgima saboda azaba, ba birgimar ke kawo murɗewar ba. Irin wannan ba abin da ke warware shi sai tiyata, kuma cikin 'yan awoyi. Ko da ka riƙe shi a tsaye tun farko, da wuya labarin ya sauya.

A Samaru na yi karatu, a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello na fara sa hannu a kan doki mai ciwon ciki, kuma tun da na dawo Kaduna babu sallar da ba a tashe ni cikin dare. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne in an kira ni a ce "doki ba lafiya" kawai. Akwai daren da mutum biyu suka kira ni kusan lokaci guda, ɗaya a Mando, ɗaya a Badarawa. Na Mando ya fi ɗaga murya, na tafi can, na tarar iska ce kawai. Na Badarawa ya yi min magana a natse, ashe nasa ne ke bakin mutuwa. Da ya ba ni lamba ɗaya tak, da wurinsa na fara zuwa.

Lambar ita ce bugun zuciya. Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi inda jijiya ta ratsa ƙashi, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Babban doki mai lafiya yana hutawa yakan buga tsakanin 28 da 44 a minti. In ya haura 60 kuma ya ƙi sauka, magana ta yi girma. Sai ka ɗaga leɓe ka dubi dasashi: na lafiya ruwan hoda ne mai damshi, in ka danna da yatsa launin zai dawo cikin daƙiƙa biyu. In ya yi ja wur, ko ya yi duhu, ko ya bushe, faɗa min tun a waya. Ka kara kunne a kwiɓinsa dama da hagu; cikin doki mai lafiya ba ya shiru. Sannan yaushe ya yi kashi na ƙarshe, me ya ci, me aka sauya masa. Ku koyi ƙirgar nan yau da dokinku ke lafiya, don ku san lambarsa.

Tafiyar da Alhaji ya yi da shi tana da amfani, amma a hankali, minti goma ko sha biyar a huta. In ya kwanta shiru ba ya buga kansa, a bar shi. Na sha tarar da doki an zagaya da shi awa huɗu, ya galabaita kafin in fara nawa aikin. Allurar da Ɗan barga ya ambata kuma, in an soka ta a tsoka tana iya haddasa mummunan ruɓewar nama, wurinta jijiya ne.

Alhaji mai Gunya, naka bai gama fita daji ba tukuna. Dokin da hatsi ya yi wa yawa, ciwon kan sauka ƙafa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ka riƙa taɓa kofatan gaba safe da yamma. In ka ji zafi, ko ka ga yana miƙa ƙafafun gaba yana jingina nauyinsa baya, ko yana taka ƙasa kamar a kan ƙaya, kira likitanka nan take. Shawarata kada ya je Zariya bana.

Baba mai Akawal, Tudun Wada

'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Shekara hamsin ina kallon ido da kunnen doki, ban taɓa ƙirga bugun nan ba. Ɗazu na sa jikana ya riƙe agogo, akawal ya ba mu 36.

Mai Gunya, Unguwar Rimi

Na gode muku duka. Mai Kili, Allah Ya ba ka wanda ya fi shi. Likita, na bi maganarki: jiya da daddare na ji kofaton dama ya ɗan fi na hagu ɗumi, na kira likitanmu, ya sa muka tsayar da ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, yau da safe ya dawo ya duba ya ce da sauƙi. Gero an ɗauke gaba ɗaya sai yadda ya ce, harawa jiƙaƙƙiya kawai yake ci, kuma ya yi kashi sau biyar tun asuba. Na aika wa hakimi uzurina. Ranar hawa zan shiga mota in je Ƙofar Fada in yi kallo, shi kuma yaron barga zai kwana kusa da shi har ƙarshen mako.