AS da AS: shin ɗa na huɗu ne kawai ke zuwa da sikila?

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum. Ƙanwata za a aurar bayan Babbar Sallah. Sun je gwajin kafin aure da dokar Kano ta 2024 ta wajabta, sakamako ya nuna ita AS, shi ma AS, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da ciwon. Ma'aikaciyar ta ce musu "ɗaya cikin huɗu ne", ta kira na gaba. Yanzu dangin ango sun kafe wai in aka tsaya a 'ya'ya uku shi ke nan, na huɗun ne mai ciwon. Gwaggonmu kuma ta ce maƙwabtanta AS da AS ne, 'ya'yansu biyar, duk lafiya lau. Don Allah wa ke da gaskiya?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Dangin ango sun yi kuskure, kuma mai haɗari. Zuba wake huɗu a kwano, uku fari ɗaya ja, ki rufe ido ki ɗauki ɗaya. Kowane ciki ɗauka ɗaya ce, amma kafin ɗauka ta gaba sai an mayar da waken cikin kwanon. Jan na iya fitowa a ɗan fari, yana iya fitowa sau biyu a jere.

In aka lissafa, cikin iyalai 100 irin wannan masu 'ya'ya uku, kusan 58 za su samu aƙalla ɗaya mai SS, wato mai ciwon sikila. Maganar Gwaggo ma ba ƙarya ba ce: cikin iyalai 100 masu 'ya'ya biyar, kusan 24 za su tsira gaba ɗaya. Sauran 76 ɗin ne ba ta ba ku labarinsu ba.

Nas Daga Zariya:
Ni laifin namu nake gani, mu ma'aikatan lafiya. Layi ya yi tsawo, sai mu jefa wa mutum lamba mu sallame shi. Na daina cewa "ɗaya cikin huɗu". Cewa nake: a cikin jarirai 100 na iyaye AS da AS, wajen 25 SS, 50 AS, 25 AA (waɗanda ba su gaji ƙwayar sikila ba), kuma ba mai iya gaya miki layin da wannan cikin zai faɗa. Sannan su maimaita gwajin a wani asibitin daban kafin a yanke magana, don ana samun kuskuren sakamako.

Ummu Sadik:
Ni SS ce, ina da aure da aikina, don haka a daina maganarmu kamar gawa. Amma Yaya, kafin ƙanwarki ta amsa, ki kai ta ɗakin masu sikila lokacin hunturu ta ga yaro yana kukan ciwon ƙashi, ana neman jinin da za a ƙara masa cikin dare. Ita za ta yi jinyar, ba dangin ango ba.

'Yar Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranar Litinin za su sake gwajin. Malam, in ba damuwa lissafa min na 'ya'ya shida, don yawan da angon ke cewa yana so ke nan.