Tambaya Kan Cajin Ayon Masu Atom Da Yawa

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ni ɗalibar aji uku ce a babbar sakandare a Gombe, ina shirin jarrabawar WAEC, kuma a darasin Kemistiri, ayon masu atom da yawa (wato rukunin atom da ke ɗauke da cajin lantarki) sun tsaya mini a wuya.

Na rubuta su a ƙananan katuna ina haddacewa bayan sallar asuba, har na riƙe cewa salfet SO₄²⁻ ne, naitiret NO₃⁻, fosfet kuma PO₄³⁻. Da farko na ɗauka duk mai irin wannan ƙarshen suna yana da oksijin huɗu, sai naitiret da kabonet suka rushe mini lissafin, domin uku-uku suke da shi. Abin da ya fi damuna shi ne sunayen IUPAC (tsarin ƙasa da ƙasa na sanya wa sinadarai suna) da littafinmu ke amfani da su, kamar tetraoxosulphate(VI), wato salfet, inda na ɗauki lambar Romawa VI (shida) ɗin a matsayin cajin ayon ɗin. A gwajin makon jiya ma na rubuta CaPO₄ maimakon Ca₃(PO₄)₂, na rasa makin tambayar gaba ɗaya.

Don Allah, ta yaya zan fitar da cajin ayon daga lambar Romawa da adadin oksijin da ke cikin sunansa, ba tare da na dogara da hadda kawai ba?