Wai barkwancin kan dandamali a wajen Turawa muka koya?

Ɗan Gujungu:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare a teburin mai shayi muna kallon wani mai barkwanci na Legas a waya, shi kaɗai da makirufo, ya yi zance ya yi waƙa ya taka rawa ya kwaikwayi muryar ɗan sanda, sai ƙanina da ke karatu a Dutse ya ce wai duk daga Amurka aka kwaso. Ni dai raina bai kwanta ba, to 'yan kama fa? Manya ku warware mana.

Baba Mai Goro, Wudil:
Wa alaikumus salam ɗana. Ƙanin naka bai ga ɗan kama ba ne. Muna yara ran Juma'a in kasuwa ta cika zai shigo da rawani da gafaka kamar malami, ya gyara murya kai ka ce baƙi zai ja, ashe karatun duk na tuwo ne da miyar kuka da fura mai nono, yana kai aya yaransa su amsa, dattawa har suna share hawaye don dariya ana jefa masa kwabbai. Waƙa da kwaikwayo da habaici duk a bakin mutum ɗaya. 'Yan gambara ma haka da gangarsu, sai dai su batsa ta yi musu yawa, iyayenmu mata ba sa tsayawa.

Maman Hajara, Ringim:
Baba kun manta da tashe. Daga goma ga azumi muke fita, ni ce Daudu kullum a wasan Mairama da Daudu, in saka rigar yayana da hula in kumbura murya, matan gida su yi ta shewa.

Malamin Firamare:
Yaya, a yi wa ƙaninka adalci kaɗan. Kama zaure a sayar da tikiti a zauna kan kujeru, wannan tsarin baƙo ne, su Ali Baba mai barkwanci suka kafa shi a Legas, Opa Williams mai shirya wasanni ya fara babban taronsa na barkwanci a 1995. Amma kayan cikin namu ne, wawan sarki ma ai da wasa yake faɗa wa sarki abin da hakimi ba zai iya ba. Kuma marigayi Ibro daga Ɗanlasan ta Warawa ya fito, Allah ya jiƙansa, a 2014 ya rasu.

Ɗan Gujungu:
Amin. Baba don Allah akwai sauran ɗan kama a Wudil? In akwai Juma'ar nan zan ɗauko yaron a mashin mu zo.