Waɗanda suka taɓa juye kaset ɗin bidiyo zuwa faifan DVD, da wace na'ura kuka yi?

Baban Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai kwalin kaset-kaset na VHS a ɗakin Hajiyarmu, na bikin yayyenmu da walimar sauka da dawowar Alhaji daga Makka. Ina so in juye su a kwamfuta, in buga wa kowa faifansa. Na ga ana sayar da wata 'yar na'ura mai kama da filashi, mai wayoyi ja da fari da rawaya. Tana yi kuwa?

Mai Ɗaukar Biki: Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar 'yar na'urar, wane bidiyo za ka kunna kaset ɗin da shi? Nan aikin yake. Tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera su, don haka sai dai na hannu. Ni na fi shekara goma ina wannan aikin a shago, kuma yawancin hoton da ake cewa na'urar kwamfuta ce ta ɓata, tun daga bidiyon ya fito a ɓace. Kaset in ya tsufa, layukan hotonsa ba sa fitowa a kan lokaci ɗaya. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana haƙuri da hakan, kwamfuta kuwa ba ta yi: sai ka ga saman hoton ya lanƙwashe, ko ta riƙa tsallake wasu hotunan, can bayan rabin awa bakin ango ya motsa, muryar ta biyo daga baya.

Maganinsa abin da ake kira TBC, mai daidaita layukan. Na asalin yana da tsada sosai. Abin da nake yi shi ne, ina sa tsohuwar na'urar naɗar DVD ta Panasonic DMR-ES10 a tsakani. Ba na naɗar komai da ita, hoton kawai ke ratsawa ta ciki ya fito a miƙe. ES15 ma tana yi. Daga nan sai wayar S-Video zuwa I-O Data GV-USB2, 'yar na'urar da ke shigar da hoton kwamfuta, don wayar S-Video tana raba haske da launi, ba kamar wayar rawaya da ke haɗa su wuri guda ba.

Maman Ilham: Ni mai arahar nan na saya, Yaya. Ta yi min kaset na farko lafiya lau. Maƙwabciyata ta sayi irinta sak, kwali ɗaya, ita kuwa kwamfutarta ko ganin ta ba ta yi ba. Mai gyara ya buɗe duka biyun a gabanmu, ashe kayan cikin daban-daban ne. Sa'a ce kawai.

Ɗan Maraɗi: Ku ƙara da maganar tsarin launi. Najeriya PAL ce, layi 625, hoto 25 a daƙiƙa, don haka ka saita girman hoton 720 da 576. Mu a Nijar talabijin ɗinmu SECAM ce a da. Wani kaset da mahaifina ya naɗa daga Télé Sahel, da na kai shi Kano ya fito fari da baƙi, har mai shagon ya ce launin ne ya mutu. Bai mutu ba, bidiyonsa ne bai san SECAM ba. Ka duba bayan kwalin na'urar ka ga ta lissafa duka ukun: PAL, SECAM da NTSC. In kuma akwai wanda aka aiko daga Amurka, NTSC ne, 720 da 480. Bidiyoyinmu da yawa suna kunna shi a wani gauraye da ake kira PAL-60, kuma ba kowace na'ura ke karɓar sa da launi ba.

Baban Khalil: Allah ya saka da alheri. To girman abin fa? Kwamfutata ba ta da fili sosai.

Injiniya Ƙarami: Ya danganta. Ni na bi tsohuwar hanya, na'urar juyewa Canopus ADVC-110 ta wayar FireWire, wajen gigabait 13 a kowace awa, kuma murya ba ta taɓa zame min ba. Matsalar kawai, kwamfutocin yanzu ba su da wannan ramin. In da manhajar VirtualDub za ka ɗauka ba tare da matsewa ba, ka tanadi kamar gigabait 75 a awa. Faifan DVD kuwa gigabait 4.7 yake ɗauka, wato awa biyu in ana son hoto mai kyau. Kaset ɗin E-180 awa uku ne, ka raba shi faifai biyu, kada ka cusa. Kuma ka ajiye ainihin abin da ka ɗauka a wani rumbun daban, don faifan da aka buga a gida yana lalacewa.

Sannan babu gaggawa a aikin nan, kaset na awa uku awa uku zai ci. Kada ka fara sai da inbata ko janareta a kusa.

Mai Ɗaukar Biki: Na manta, Malam, ka leƙa tagar kowane kaset tukuna. In ka ga wani fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce, kada ka sa shi a bidiyon da kake ji da shi. Zai shafe kan da ke karanta hoton, kaset na gaba ya fito da yayyafi zalla. Ka ware irinsu gefe, ka fara da mai tsabta wanda ba a damu da shi ba, ka turo mana minti ɗaya mu gani.

Baban Khalil: To madalla. Gobe in Allah ya kai mu zan je wajen Hajiya in duba su.