Kalmar "queer" da yadda ma'anarta ta juya

Jiya muka sha muhawara da wasu malaman Turanci kan kalmar nan queer, ga abin da na tsinta. Asali tun ƙarni na 16 ma'anarta abu mai ban mamaki ne kawai, wanda ba a saba da shi ba, har a Ingila in mutum ya ce yana jin queer to jikinsa ne ba daɗi, jiri ko tashin zuciya. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 aka fara jifan masu neman jinsi ɗaya da ita a matsayin zagi, daga baya kuma su da kansu suka karɓe ta, a 1990 ma aka kafa ƙungiyar Queer Nation a New York.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce in kana karanta tsohon littafi ka fara duba shekarar da aka rubuta shi, kar ka ga "a queer old man" ka fassara wani abu daban, dattijo ne mai baƙon hali kurum, wata malama ta ce ɗalibanta sai da suka ƙyalƙyale da dariya a aji. A rubutunka na yau kuwa ka sa odd ko strange, ka huta. Kuma kar ka kira wani da ita, wasu dattawan can ƙasashen Turawa har yanzu zagi suke jin ta.