Don Allah a taimaka min da su "pass out" da "come round", ina shirin OET

Nas_daga_Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin rubuta OET, wato jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, saboda ina so in yi rajista da NMC, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Ingila, kuma abin da suke nema shi ne B a sauraro da karatu da magana, rubutu kuma aƙalla C+. Karatu da rubutu alhamdulillah ba su tayar min da hankali ba, Turancin littafi mun saba da shi tun makarantar koyon jinya, su vomit da faint da recover duk mun san su. Inda nake shan wuya shi ne sauraro. Marasa lafiyan da ke cikin faifan gwaji ba sa cewa vomit, sai ka ji mutum ya ce "I threw up twice", wata kuma ta ce "I passed out and came round on the floor", kuma kowace kalma a ciki na santa fa, amma da zarar an haɗa su sai ma'anar ta ɓace min, kafin in gama tunani an wuce zuwa tambaya ta gaba. Na samu wani dogon jeri na irin waɗannan kalmomi a intanet daga A har Z, haddace shi zan yi ko akwai wata hanya? Wanda ya sani don Allah ya taimaka, abin ya dame ni sosai.

MalaminTuranci_Zariya:

Wa alaikumus salam Sista. Kada ki haddace wannan jerin, wallahi ɓata lokaci ne, za ki kai kan harafin C ki manta na A. Waɗannan su ake kira phrasal verbs, wato aikatau ne da aka liƙa masa wata ƴar ƙaramar kalma irin su up, off, out, over, sai su biyun su haifar da wata ma'ana daban. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenki, dubi yadda muke yi da "ci": ci gaba, ci bashi, ci amana, ci jarrabawa, ci mutunci. Babu Bahaushen da ya zauna ya haddace su, a bakin mutane muka ji su cikin zance har suka zauna. Haka za ki yi da waɗannan, ki riƙa ɗaukar jimla sukutum, ba kalma ɗaya ɗaya ba.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina masu shirin WAEC shi ne su sa ido kan ƙaramar kalmar, don sau da yawa ita ke riƙe da ma'anar. Off yawanci yankewa ce ko rabuwa: call off soke abu gaba ɗaya, put off ɗage shi zuwa wani lokaci, take off cire riga ko jirgi ya tashi. Up kuma tana yawan nuna an kai abu ƙarshe, eat up cinye, use up ƙarar da abu, give up haƙura da abu a bar shi.

Sai kuma tsarin jimla, nan yara ke zubar da maki. Za ki iya cewa "turn off the fan" ko "turn the fan off", duk daidai ne, amma idan it ko him ko them ne to dole ya shiga tsakiya, "turn it off", ba a cewa "turn off it". Wasu kuma ba a raba su sam, kamar look after, sai dai "look after him".

Amma abin da ya fi damuna shi ne Turancin da muka taso da shi a nan gida, don wasu mun ba su ma'anar da ba tasu ba ce a can. Mai gabatarwa a taro zai ce "let us round up" yana nufin mu kammala, alhali round up tattara mutane ko dabbobi ne, irin yadda ƴan sanda ke kamen mutane, kammalawa round off ce ko wrap up. Muna cewa "cope up with", su kuma cope with kawai suke cewa. Mu a nan idan an ce "she took in" ciki ta samu, a can take in fahimtar bayani ne, ko kuma a yaudari mutum, "I was taken in". Pass out ɗin da kika kawo ma, a kunnenmu bikin gama NYSC yake kawowa, amma a bakin mara lafiya suma yake nufi, come round kuma farfaɗowa.

Sista_Birmingham:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Malam ya gama magana, ni dai zan ƙara miki na cikin asibiti don su ne za ki riƙa ji kullum, ba a jarrabawa kaɗai ba.

Tsofaffin nan ba sa yi miki Turancin likita. Dattijuwa za ta riƙe cikinta ta ce "I can't keep anything down, love", nufinta duk abin da ta ci sai ta amayar. Wani zai danna ƙararrawa cikin dare ya ce "the painkiller is wearing off", wato maganin ya fara sakinsa ciwon na dawowa, to nan sai ki duba katinsa ki ga ƙarfe nawa aka ba shi na ƙarshe. Flare up shi ne tsohon ciwo ya motsa, irin asma ko ciwon gaɓoɓi ko ƙaiƙayin fata. Come down with kamuwa da rashin lafiya, kamar mura. Break out in a rash ƙuraje su feso. Bring up a asibiti amai ne ko fitar da majina, ki kula don a wani wajen bring up tarbiyyar yara ce, ko kuma ɗauko zance. Run out of tablets magani ya ƙare. Come off kuma daina shan wani magani, wannan ki riƙe shi da kyau, idan mutum ya ce "I came off my blood pressure tablets last month" ba ƙaramar magana ya faɗa miki ba, dole ki rubuta kuma ki sanar da likita.

Sannan a ɓangaren magana na OET, inda za ki yi kamar kina tare da mara lafiya har sau biyu, kowanne wajen minti biyar, ke ma sai kin yi amfani da su, don ana duba ko kin iya sauko da harshenki yadda mutumin da bai karanci lafiya ba zai gane. Maimakon "reduce your sodium intake" ki ce "try to cut down on salt". Kuma idan rasuwa aka yi, wajen iyalai an fi jin passed away, kamar dai yadda mu ma za mu ce ya rasu ko Allah ya yi masa cikawa. Ki riƙa shiga shafin NHS, hukumar lafiya ta Ingila, kina karanta bayanan cututtuka, da Turanci mai sauƙi suke rubutawa saboda jama'a, duk wanda kika tsinta ki kwafe jimlar gaba ɗaya a ɗan littafi, da dare ki faɗe ta da baki da ƙarfi.

Ɗan_Damagaram:

Salam. Mu da muka yi boko da Faransanci abin ya fi yi mana ciwo, domin su tolerate da continue da gani mun gane su sun yi kama da na Faransanci, amma call off da put up with da carry on babu wata igiya da za ka kama. Malam ka yi haƙuri, ni ban cika yarda da a dogara da ƙaramar kalmar ba. Tana taimako a wasu, amma put up with fa? Put ajiyewa, up sama, with tare da, ina juriya ta fito a ciki? Ga look after da take after, duk after ce amma ɗaya kula da mutum ɗaya kuma kama da iyaye. Ni abin da ya fisshe ni ƙamus na masu koyo ne, Oxford Advanced Learner's, kyauta ne a shafinsu na intanet, yana sa wata kibiya mai kai biyu a tsakani idan ana iya raba kalmomin, sannan ya jero ma'anonin da misali a ƙarƙashin kowacce. Pick up kaɗai ki duba ki ga yawan ma'anarsa, ɗaukar abu daga ƙasa, ɗauko mutum da mota, ɗaga waya, koyon yare ta hanyar ji, har da kwasar cuta.

MalaminTuranci_Zariya:

Gaskiyarka Ɗan Damagaram, ban ce doka ba ce. Dabara ce ta lokacin da faifai ke gudu babu damar buɗe ƙamus, gara hasashe mai tushe da a bar gurbi babu komai. Irin su put up with kam sai dai a riƙe su yadda suke.

Nas_daga_Kano:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi. Anti ta Birmingham tambaya ɗaya ta rage min, fom ɗin da ake ba mara lafiya, fill in ake cewa ko fill out? Na ga duka biyun a takardun gwaji.

Sista_Birmingham:

Duka daidai ne ƙanwata, a Ingila an fi cewa fill in, Amurkawa kuma fill out, babu wanda zai rage miki maki a kan ko wanne. Fill up ne kawai kada ki yi wa fom, wannan na tankin mota ne da bokiti. In kin shirya ki yi min magana ta inbox mu gwada na maganar tare ranar da ba ni da aikin dare, ni zan zama mara lafiyar.