Taƙaitawa: wa ya fi iya ƙagaggun labaran kimiyya?

'Yan uwa, kwana uku ana fafatawa, daga masu karatu na ƙauyukan Ringim har na Taura. Ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda mai farawa ya soma da na gida, wato Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969. Da Hausa yake, ba sai an nemi ƙamus ba.

2. An rabu kan tsofaffin marubutan Turanci irin su Isaac Asimov da Arthur C. Clarke. Malaman lissafi da kimiyya suna son su, don labarin mutum-mutumi da tafiya sararin samaniya yana tafiya da hujja. Wasu suka ce mutanen cikin labaran kamar ba su da uwa ba su da dangi, sai injina. Su sun fi son marubutan shekarun 1960 da 1970, irin Ursula Le Guin, masu duba zamantakewa da mulki. Gaskiya ni ma can zuciyata take.

3. Matasa sun yaba Nnedi Okorafor saboda tana gina labaranta a kan Afirka. Wasu dattawa suka ce cakuɗa tsafi da kimiyya bai kwanta musu ba.

4. Samun littattafan sai an shiga Kano, don haka masu su a riƙa ba da aro.